Daga baƙar ƙasar Gadarif zuwa tsibiran aman wuta na Bahar Maliya

A ranar 19 ga Disambar 2011, masunta a kudancin Bahar Maliya suka ba da labarin cewa sun ga wuta tana tashi daga cikin teku, kusa da rukunin tsibiran Zubair na ƙasar Yaman. Kafin mako ya zagayo, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna tsibiri a wurin da a da babu komai sai ruwa.

Tsakanin wurin da birnin Gadarif na gabashin Sudan akwai sama da kilomita 700. Manomin riɗi a Gadarif zai iya cewa ina ruwansa da wutar teku. Sai dai baƙar ƙasar da yake nomawa da wancan sabon tsibiri asalinsu ɗaya ne. Tsibirin jariri ne. Ƙasar gonarsa kuwa ita ce abin da irin wannan dutse yake komawa idan ya shekara miliyoyi ruwa da rana suna dukansa. Wanda ya taso daga Gadarif ya nufi gabas, ta tsaunukan Habasha har zuwa teku, zai ga wannan dutse a kowane mataki na rayuwarsa, daga tsufa zuwa haihuwa.

Abin da ke ƙarƙashin Gadarif

Gadarif tana kimanin kilomita 410 daga Khartum ta hanyar mota, a kan tudu mai tsayin kusan mita 600 daga matakin teku. A da ana kiranta Suƙ Abu Sin. Hausawa da Fulani da sauran mutanen yammacin Afirka sun daɗe a yankin. Da yawa kakanninsu sun zo ne a kan hanyar aikin hajji da ƙafa, wasu kuma sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa ƙauyuka a bakin kogunan Rahad da Atbara.

Idan aka haƙa ƙasa a nan, hawa uku ake tararwa. Can ƙasa akwai tsohon dutse mai tauri, wanda ya haura shekara miliyan 500, dangin falalen duwatsun da ake gani a Zariya da Damagaram. A kansa akwai dutsen yashi, wato yashin tsofaffin koguna da ya daskare. A saman wannan kuma akwai wani baƙin dutse mai nauyi da ake kira bazalt. Sunan kusan ɗaya ne a Larabci da Faransanci.

Bazalt narkakken dutse ne da ya fito daga cikin ƙasa da zafin da ya haura digiri 1,000, ya kwarara kamar kunu, sannan ya huce ya sandare. Na Gadarif ya yi wani dogon tudu da ya miƙe kudu maso gabas zuwa Gallabat a kan iyakar Habasha. Wannan tudu shi ne ya raba ruwan yankin biyu: na gabas ya gangara Atbara, na yamma ya gangara Rahad.

Tudun gefe ne na wani abu mai girman gaske. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, ƙasa ta tsattsage a inda Habasha da Eritriya da Yaman suke a yau, lokacin kuwa duk a haɗe suke, babu teku a tsakani. Narkakken dutse ya yi ta fitowa hawa bisa hawa, har kaurinsa ya kai kilomita biyu a wasu wurare. Tsaunukan Habasha su ne wannan tarin. Bazalt ɗin Gadarif ɗan uwansu ne da ya tsaya a gindin tudu, wajen yamma.

A nan akwai kuskuren da matafiya kan yi. Ba kowane dutse mai ban mamaki ne ya yi aman wuta ba. Duwatsun Taka da suka yi wa birnin Kasala rumfa giranit ne, irin na Kufena da Kwatarkwashi. Shi ma daga narke ya samu, amma a can cikin ƙasa ya huce a hankali, sai daga baya zaizaya ta tono shi. Shi ya sa yake da manyan ƙwayoyi masu ƙyalli da ido ke gani. Bazalt a sarari ya huce, da sauri, don haka ƙwayoyinsa ba su samu lokacin girma ba. Idan aka fasa shi, cikinsa baƙi ne ko toka-toka, sumul.

Baƙar laka

Bazalt yana da tauri a hannun mai guduma, amma ba ya jure ruwa da zafi na dogon lokaci. A hankali yake ruɓewa ya koma baƙar laka mai danƙo. Ita ce ta shimfiɗu a kewayen Gadarif iya ganin ido. Mutanen Borno da arewacin Kamaru sun san danginta, wato firki ko karal, inda ake dasa masakwa bayan damina.

Halin wannan laka shi ne kumbura da tsukewa. Idan ta sha ruwa sai ta kumbura ta toshe, ta riƙe damshi na makonni. Idan rani ya yi sai ta tsuke ta dare, tsagar ta kan yi zurfin mita ɗaya ko fiye, ƙafar jaki ma tana iya faɗawa. Ƙasar sama tana zubewa cikin tsagogin, damina ta zo ta sake turo ta, kamar ƙasar tana yi wa kanta kaftu. Tana kuma ɗauke da sinadaran da ta gada daga dutsen, irin su ƙarfe da kalsiyam da maganiziyam.

Wannan ne ya sa Turawan mulkin mallaka na Ingila suka fara noman injina a Gadambaliya, yamma da Gadarif, a tsakiyar shekarun 1940. Lakar ta yi wa fartanya nauyi, amma filin shimfiɗaɗɗe ne, babu tudu babu kwari, tarakta tana tafiya son ranta. Daga nan Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi na Sudan, kasuwar amfanin gonarta ta yi suna, ma'aikatan girbi suna zuwa daga Habasha da yammacin Sudan.

Lakar tana da nata sharrin. Da damina hanyar da ba ta da kwalta takan mutu ɗungum, ƙauyuka su yanke daga birni. Ginin da aka ɗora a kanta ba tare da tushe mai zurfi ba yakan tsage, domin ƙasar tana motsi a ƙarƙashinsa kowace shekara. Akwai kuma cutar kala-azar mai kumbura saifa, wadda jihar Gadarif take cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Ɗan ƙaramin ƙwaron da ke yaɗa ta yana son baƙar laka mai tsagewa da dajin aduwa da bishiyar ƙayar da 'yan Sudan ke kira talha. Mai kwana a gona a ƙarshen rani, kafin saukar damina, shi ya fi shiga haɗari, kuma gidan sauro mai ƙananan idanu shi ne kariyarsa ta farko.

Kyan ƙasar ya kuma jawo rikici. Yankin Fashaga, tsakanin kogunan Atbara da Setit, irin wannan laka ce. Sudan tana dogara da yarjejeniyar 1902 da shatar iyaka ta 1903, manoman Habasha kuma sun daɗe suna noma a ciki. A ƙarshen 2020 sojojin Sudan suka karɓe mafi yawansa, kuma har yau maganar ba ta mutu ba.

Ga kuma matsalar ruwan sha. Lakar ba ta barin ruwa ya ratsa ƙasa sosai, shi kuma bazalt ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsagoginsa. Rijiya biyu na iya zama kusa da juna, ɗaya ta dace da tsaga ta ba da ruwa, ɗaya ta bushe ƙaf. Dutsen yashi na ƙasa ya fi ruwa, amma sai an huda bazalt an kai gare shi, abin da ke cin kuɗi. Don haka ƙauyuka suka dogara da hafir, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, birnin kuma aka jawo masa ruwa da bututu daga Shuwak a bakin Atbara, kimanin kilomita 70. An ƙaddamar da madatsar ruwa ta Atbara ta Sama da Setit a 2017, amma mutanen Gadarif sun ci gaba da sayen ruwa a hannun masu amalanken jaki.

Hawan tudu zuwa Tafkin Tana

Daga Gadarif zuwa Gallabat kimanin kilomita 160 ne, ta garin Doka. Ƙetaren rafi kuwa Metema ce ta Habasha. Tun ƙarni na 19 matafiya suka rubuta cewa Takari, wato mutanen yamma da suka yada zango a hanyar Makka, su ne ke riƙe da kasuwar wannan wuri.

Daga Metema mota takan fara hawa, daga kusan mita 700 zuwa sama da mita 2,000 a Gondar. Inda aka yanka dutse don fitar da hanya, a nan ake ganin littafin a buɗe. Hawa-hawan baƙin dutse ne a jere kamar an jera katifu, kowane ɗaya kwarara guda. Tsakanin wasu akwai siririn jan layi. Wannan tsohuwar ƙasa ce da ta samu a lokacin da wutar ta huta, sai sabuwar kwarara ta zo ta gasa ta kamar tubali. A yankin Chilga da ke kan wannan hanya, masu bincike sun tono ƙasusuwan dabbobi dangin giwa masu shekara kusan miliyan 27 a tsakanin irin waɗannan hawa.

Kudu da Gondar akwai Tafkin Tana, mafi girma a Habasha, inda Shuɗin Nilu ya samo asali. Yana kan tsayin kusan mita 1,790, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 3,000, amma zurfinsa bai wuce mita 15 ba. Ƙasa ce ta lotsa ta yi kwano, sannan narkakken dutse ya toshe mafitar kudu kamar madatsa. Kogin yana fita ta Bahir Dar, bayan kilomita 30 ya zuba daga bakin wani gefen bazalt a Tis Isat, sunan da ke nufin hayaƙin wuta saboda feshin da ke tashi.

A cikin tafkin ne matafiyin da ya taso daga Gadarif zai fara taka tsibirin aman wuta. Ana ƙidaya tsibirai 37. Mafi girma shi ne Dek, shimfiɗaɗɗe, ana noma a kai. Kusa da shi akwai Daga, ɗan ƙarami, bai wuce rabin murabba'in kilomita ba, amma ya tashi tsaye kamar malfa, kusan mita 100 a kan ruwa. Daga tsohon bakin wuta ne, tarin duwatsu da toka da suka zuba a kewayen ramin da suka fito. Wutarsa ta mutu tun da daɗewa, daji ya rufe shi.

Siffar tsibirin ce ta ba shi tarihinsa. Gangararsa ta yi tsayi, ruwa ya kewaye shi, don haka mahara ba su cika kai masa ba. A samansa akwai gidan ibadar Kiristoci na Daga Istifanos, inda aka ajiye gawarwakin wasu sarakunan Habasha, ciki har da Zara Yakob da Fasiladas. Ba a barin mata su sauka a tsibirin, abin da ya kamata iyali su sani kafin su biya kuɗin jirgi. Ana zuwa ne daga Bahir Dar ko Gorgora. Masunta har yanzu suna amfani da tankwa, kwalekwalen da ake ɗaurawa da ciyawar ruwa. Hukumar UNESCO ta sa tafkin cikin wuraren da take karewa a 2015.

Abin da ruwan sama ya kankare daga waɗannan tsaunuka yana komawa Sudan. Kimanin kashi 85 cikin 100 na ruwan Nilu da ke isa Masar daga Habasha yake fitowa, haka ma mafi yawan lakarsa. Filin Jazira da ake noman auduga a kai lakar Shuɗin Nilu ce. Ita ce kuma take cike madatsu: ta Khashm al-Girba da aka gama a 1964 ta rasa babban kaso na ruwan da take iya riƙewa saboda laka.

Inda wutar ta koma

Wutar da ta gina Habasha ba ta mutu ba, gabas ta matsa. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, manyan ɓangarori ne da ke motsi a hankali. Yankin Larabawa yana rabuwa da Afirka da kimanin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a shekara, bai ma kai saurin tsirar farce ba. Bahar Maliya ita ce tsagar da ta buɗe a tsakani. A tsakiyarta, inda zurfi ya haura mita 2,000, narkakken dutse yana tasowa yana cike gibin.

Wani lokaci abin yakan zo da gaggawa. A Satumbar 2005, a Dabbahu da ke yankin Afar na Habasha, ƙasa ta tsage tsawon kilomita 60 cikin 'yan makonni, ta buɗe har mita takwas a wasu wurare. A Yunin 2011 dutsen Nabro na Eritriya ya fashe, tokarsa ta ratsa sararin Sudan, aka dakatar da jiragen sama a yankin. Alhazai ma sun san wannan dutse ko da ba su san sunansa ba: baƙaƙen duwatsun Harra da suka kewaye Madina bazalt ne, kuma a shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, wuta ta fito kudu maso gabashin birnin, ta kwarara sama da kilomita 20 kafin ta tsaya.

A arewaci da tsakiyar Bahar Maliya wutar tana can ƙarƙashin ruwa mai zurfi, ba a ganinta. A kudu ne take leƙowa sama ta zama tsibiri.

Dutsen Tsuntsu da jariran Zubair

Jabal al-Tair, ma'ana Dutsen Tsuntsu, yana kusan tsakiyar teku tsakanin Yaman da Eritriya. Abin da ake gani a kan ruwa mita 244 ne kawai, amma gindinsa yana can ƙasa da kimanin mita 1,200. Haka kowane tsibirin aman wuta yake, kan dutse ne wanda jikinsa ke nutse. Babu kogi babu rijiya a kai. Akwai hasumiyar fitila ta jiragen ruwa, kuma Yaman ta ajiye sojoji a can bayan rikicinta da Eritriya a kan tsibiran Hanish a 1995.

Rabonsa da aman wuta tun 1883, don haka ana masa kallon matacce. Da yammacin 30 ga Satumbar 2007 ya fashe. Narkakken dutse ya gangaro har teku, sojoji suka faɗa ruwa don tsira. Jiragen yaƙin ƙungiyar NATO da ke wucewa sun taimaka wajen ceto, amma sojoji da dama sun mutu. Shekara 124 tsawon rayuwar kaka da jika ne, a wajen dutse kuwa ɗan gyangyaɗi ne. Masana ba sa kiran dutse matacce don kawai babu mai rai da ya ga wutarsa.

Kudu maso gabas da shi akwai rukunin Zubair, inda masuntan nan suka ga wuta. Aman farko ya ɗauki kimanin kwana 25, ya bar tsibirin da aka sa wa suna Sholan. A ƙarshen Satumbar 2013 wani ya sake ɓarkewa, ya yi kwana 54, ya haifi tsibiri na biyu da ya fi girma, aka kira shi Jadid, wato sabo. Masu bincike a Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha da ke Saudiyya sun bi girmansu ta hotunan tauraron ɗan'adam, suka wallafa sakamakon a 2015.

Yadda irin wannan tsibiri ke samuwa ya bambanta da kwararar da ta yi tudun Gadarif. Idan narkakken dutse ya haɗu da ruwa marar zurfi, ruwan yakan zama tururi nan take ya fashe, kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai, amma ninki dubu. Dutsen ya farfashe ya zama toka da tsakuwa, su zuba a kewayen ramin, tarin ya yi ta tashi har ya huda saman ruwa. To amma tarin toka ba gini ba ne. Igiyar ruwa tana fara cinsa tun ranar farko, kuma cikin watanni kaɗan aka ga Sholan ya ragu sosai. Wanda ke daɗewa shi ne wanda daga baya kwararar dutse ta yi masa hula, ko tokarsa ta daskare saboda zafi. Haka tsibirin Surtsey na Aislan ya tsira bayan fitowarsa a 1963, ƙananan 'yan uwansa biyu kuwa teku ta cinye su.

Akwai wani labari mai ban dariya a kan wannan. A 1831 tsibiri ya ɓullo kusa da Sisili a tekun Bahar Rum. Ingila ta kafa tuta ta sa masa suna, Faransa ta sa nata sunan, masarautar da ke mulkin Sisili ita ma ta ce nata ne. Ana cikin jayayya, kafin shekara ta zagayo, igiyar ruwa ta shafe shi.

Mayyun, tsohon da ya rage rabi

A mashigar Babul Mandab, inda Afirka da yankin Larabawa suka kusa haɗuwa, akwai tsibirin Mayyun, wanda taswirorin Turai ke kira Perim. Faɗinsa murabba'in kilomita 13, tsayinsa mita 65. Shi ragowar tsohon dutse ne da zaizaya ta ci, teku ta shiga cikinsa ta gefen kudu maso yamma, ya zama kamar jinjirin wata. Wannan lanƙwasa ta ba shi tashar jiragen ruwa mai kariya daga iska.

Abin da ya rasa shi ne ruwan sha. Ingilishi sun sauka a 1799, ƙishirwa ta kore su cikin watanni. Suka dawo a 1857, daga baya tsibirin ya zama wurin shan gawayi na jiragen ruwa daga 1883 zuwa 1936, ana tace ruwan teku da injin don sha. Dutsen Mayyun da na Gadarif dangi ne, amma Gadarif tana samun damina, ga kuma shekaru masu yawa a bayanta, shi ya sa nata ya zama gona. Mayyun kusan ba ya ganin ruwan sama, sai ya zauna baƙin dutse tsirara. Ta kusa da shi ne kwalekwalen 'yan ci-rani ke bi daga Obok ta Jibuti zuwa Yaman, kuma wanda jirginsa ya lalace a irin waɗannan tsibirai ba zai samu inuwa ko ɗigon ruwa ba.

Tsibiran da ba na wuta ba

Tsibiran gaɓar Sudan da aka fi sani wani iri ne dabam. Sawakin, tsohuwar tashar alhazai, a kan murjani take, kuma da tubalin murjani aka gina tsofaffin gidajenta da ke rugujewa yanzu. Sanganeb da Mukawwar, da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016, su ma haka. Dahlak ta Eritriya da Farasan ta Saudiyya duk farin dutse ne da ƙananan halittun ruwa suka gina.

Daga nesa ma ana bambance su. Na murjani fari ne, kwance dab da ruwa, kewaye da ruwa kore marar zurfi. Na wuta baƙi ne ko ja, a tsaye, ruwan gefensa shuɗi mai duhu domin zurfi yana farawa nan da nan. A hannu kuma, dutsen wuta yakan zo da ƙananan ramuka, sawun kumfar iskar da ta fita lokacin da yake huci. Wani ja ne mai kaushi marar nauyi. Wani fari ne mai yawan ramuka har yana yawo a kan ruwa, irin wanda ake goge kaushi da shi. Inda kwarara mai kauri ta huce a hankali, takan tsage ta zama ginshiƙai masu kusurwa biyar ko shida, a jere kamar an sassaƙa.

Mai karatu a Kamaru ko Najeriya ba sai ya je Bahar Maliya ba. Akwai jerin duwatsun wuta da ya taso daga tekun Atlantika ya shigo tudu: tsibiran Annobon da Sawo Tome da Firinsipe da Bioko, sai Dutsen Kamaru da ya yi amai a 1999 da 2000, har zuwa tudun Ngaundere da na Biu a jihar Borno, inda tafkin Tila ke zaune a cikin tsohon bakin wuta. Birnin Malabo a kan Bioko yake, ƙarƙashin dutse mai tsayin mita 3,011. A kan wannan jeri ne tafkin Nyos ya saki iska mai shaƙe numfashi a daren 21 ga Agustan 1986, ta kashe mutum 1,746.

Halin hanya a yanzu

Tafiyar da aka bayyana a nan ta yi wuya a 'yan shekarun nan. Yaƙin Sudan da ya fara a ranar 15 ga Afrilun 2023 ya cika Gadarif da 'yan gudun hijira, bayan waɗanda suka tsero daga Tigray tun 2020 suka zauna a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba. A ɓangaren Habasha, yankin Amhara, inda Metema da Gondar da Tafkin Tana suke, ya shiga rikici tun 2023, kuma an sha rufe iyakar Gallabat. Tsibiran Yaman kuwa wuraren soja ne a cikin tekun da ake kai wa jirage hari, ba wurin zuwan baƙo ba ne.

Abin da ya rage a hannu shi ne na kusa. Hotunan tauraron ɗan'adam da ke cikin taswirar waya suna nuna Jabal al-Tair sarai, da baƙin sawun kwararar 2007 a jikinsa. A Gadarif kuwa, wurin da ake fasa dutse don gini, ko bakin rijiyar burtsatse da ake haƙawa, ya isa. Abin da injin ke fitarwa yakan fara da baƙar laka, sai ruɓaɓɓen dutse mai ruwan ƙasa da ke marmashewa a hannu, sai baƙin gari mai kaifi na bazalt. Idan garin ya koma fari ko ja mai yashi, an huda kwararar ke nan an shiga dutsen yashi, kuma a nan ne masu haƙa suke fara sa ran ruwa.